Inda Aka Kai da Na'urar Gwada Abin da Wuta Ke Bi

'Yan uwa masu koyo, an gama haɗa na'urar gwajin: ana taɓa abu da bakin wayoyinta biyu, in wuta na bin sa sai kwan fitilarta ya kama. Kayanta: batir mai volt 9, ƙaramin kwan LED ja, rizista (abin da ke rage wutar da ke wucewa) mai ohm 470 (ohm shi ne ma'aunin tare wuta), da wayoyin jan ƙarfe biyu da aka feƙe bakinsu. Doguwar ƙafar kwan ta bi ta rizista zuwa bakin batir mai alamar +. Idan aka juya ta, kwan ba zai kama ba ko da komai lafiya. Kada a cire rizistar: kwan na cin kusan volt 2, ita ke tare sauran 7 ɗin, ta bar kimanin miliamfa 15 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) su wuce. Babu ita, kwan ya ƙone nan take.

Cokali, ƙusa da mabuɗi sun kunna shi sosai. Roba da busasshen itace ko motsi. Ƙusa mai tsatsa sai an kankare ta tukuna, don tsatsar ba ta barin wuta ta ratsa.

Gwajin ruwa ne ya fi koyarwa. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota (ba asid ɗin ba) da ƙyar yake ba da haske. A zuba sukari a dama, babu canji. A zuba gishiri rabin ƙaramin cokali a kofi, kwan ya haska, domin gishiri in ya narke yana rabuwa zuwa ƙwayoyi masu caji, su ne ke ɗaukar wutar. A bar tazarar wayoyin iri ɗaya, misali santimita 2, in ba haka ba kwatancen ya lalace. Za a ga kumfa a wayar da ke gefen –, ɗayar kuma ta fara yin kore, sai a goge ta kafin gwaji na gaba.

Dankali da lemun tsami na ba da haske kaɗan saboda ruwan da ke cikinsu. Jikin mutum ma haka yake, fata ce ta fi tarewa. Busasshiyar fata na iya kai ohm 100,000, jiƙaƙƙiya ta faɗo kusan 1,000. Da batir ɗin nan ba komai, amma a wutar gida mai volt 230 wutar da za ta bi jiƙaƙƙiyar fata ta haura miliamfa 200, abin da ya isa ya tsayar da zuciya. Kada kowa ya kai wayoyin nan kusa da soket.

Saura gwajin fensir: a ja layi mai kauri da fensir mai lamba 6B a takarda, a ɗora wayoyin biyu a kan layin, a riƙa matsar da waya ɗaya ana lura da yadda hasken ke raguwa.