Darduma a Falluja

Yau na tarar da ƙanena yana buga Six Days in Fallujah, gem ɗin da aka gina kan yaƙin sojojin Amurka a birnin Falluja na Iraƙi a 2004. Ina tsaye ya banke ƙofar wani gida ya afka yana harbi, har da ihun murna. Ni kuwa darduma na hango a ɗakin, irin ta Inna sak, sai gabana ya faɗi.

"Yaya, wasa ne fa," in ji shi. A 2009 da ƙorafin jama'a ya sa kamfanin wasannin bidiyo na Konami ya janye hannunsa daga gem ɗin, cewa na yi sun cika ƙorafi. Yanzu tunanin masu dardumar nan nake yi, ko ina suka gudu.