Yadda ƴar magena ta kusa cinye min ƙafar kujera

Ɓeraye ne suka ishe mu a sito, sun huda buhun masara, ko daddawa basu ƙyale ba, shine maigida ya samo min ƴar mage wajen wani abokinsa. Ƴar mitsitsiya da ita, ko wata biyu bata cika ba. Da farko lafiya lau, ta ci ta yi bacci ta bi ƙafata duk inda na nufa. Sai da ta kai kamar wata uku da rabi sannan hali ya fito.

Wata rana bayan sallar asuba ina lazimi naji ƙurus ƙurus daga falo, nace shikenan ɓeran nan har falo ya biyo mu. Ina haska fitilar waya sai naga ashe wadda aka kawo dan ta kama ɓera ce ta rungume ƙafar kujera tana gwaguya hankalinta kwance. Kuma ba wata kujera ba, cikin kujerun da Baba ya yi min na kayan ɗaki, katakon maɗaci, duk macen da ta yi aure ta san yadda muke ji da kayan ɗakinmu, wallahi saura kaɗan na yi kuka.

Ba zan ɓoye ba, duka na fara. In na kama ta sai na ɗan zuba mata tsintsiya. Abin da hakan ya jawo kawai shine ta fara gudu na, da ta ji motsina sai ƙarƙashin gado, gwaguyar kuma bata fasa ba sai ma ta mayar da ita aikin dare. Hajiya surukata ta ganni rannan tace ke ƴar nan ki ji tsoron Allah, baki ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage ba? Kunya ta kama ni. Sai kuma wata maƙociyata tace na shafa barkono a ƙafar kujerar, ni kuma da rashin tunani na shafa, ƴar magen ta taɓa da hannu ta goga a fuska ta wuni tana atishawa ido na hawaye. Dan Allah kar wanda ya gwada wannan.

Ina shara wata safiya na tsinci wani abu fari a kan leda kamar ƙwayar shinkafa, na duba da kyau naga haƙori ne. Nan hankalina ya tashi, nace ta karya haƙori a katako, na matsa wa maigida muka kai ta asibitin dabbobi. Likitan ya buɗe bakinta ya nuna min dasashin ya yi ja, yace Hajiya ai famfara take, kamar yadda yara suke yi. Haƙoran nono 26 ne da mage, daga wata uku zuwa huɗu suke fara zubewa, na dindindin guda 30 su fito, kuma sai wajen wata shida zuwa bakwai abin yake kammala. Duk tsawon lokacin nan dasashin ƙaiƙayi yake mata shi yasa take neman abu mai tauri ta ciza. Ni duk zamana ban taɓa sanin mage na famfara ba.

Yace abin tsoron ba kujerar bace, sartse ne ya soke ta a baki ko ta haɗiye ɓarɓashin katako da fentin jikinsa. Na tambaye shi ko na ɗan jiƙa mata farasitamol tunda ciwo take ji, ya zaro ido yace ko kusa, guba ne ga mage, ɗan kaɗan ma kashe ta yake. Ya bata maganin tsutsar ciki ya yi mata allurar rigakafin ciwon hauka muka dawo.

Toh daga nan na canza dabara. Na samo robobin lemo manya na yanke kansu na zura ƙafafun kujerun a ciki, falon ya yi muni ba ƙarya, amma haƙorinta zamewa yake a roba sai ta haƙura. Ɓawon lemo ma na ajiye a gindin kujerun dan basa son ƙamshinsa, yana aiki, sai dai a zafin Kano kwana ɗaya ya bushe sai an sake. Abin da ya fi komai amfani kwalin Indomie ne, na ajiye mata shi a tsakar gida ta dinga cizon gefensa tana tofarwa, ni dai ina lura kar ta haɗiye, in ya yi kaca-kaca na kawo wani. In an kawo wuta kuma sai na jiƙa tsumma mai tsafta na sa a firji ya yi sanyi na bata ta tauna. Da na ganta ta nufi kujera ba ihu ba duka, ɗaukarta nake na dire ta gaban kwalin, wata rana sau goma.

Da yamma yara su ɗaura gashin kaza a jikin kara su yi ta ja tana bi har ta gaji, zaren nake ɓoyewa in an gama dan shima haɗiye shi take so ta yi. Da dare a rufe falo. Cajar maigida guda ɗaya dai ta tafi kafin mu koyi naɗe wayoyi a sa a durowa, ranar yace in an ƙara zai mayar da ita inda ya samo ta.

Tana shiga wata bakwai abin ya lafa da kansa. Yanzu watanta goma, ɓera uku ta kama min a sito. Na kira kafinta ya goge ƙafafun da samfefa ya sake musu fenti, amma ɗaya ramin haƙoran ya yi zurfi bai ɓace ba, sai na juya wannan ɓangaren ya kalli bango. Umma ta zo sau biyu ta zauna a kan kujerar bata lura ba, ni kuma ban faɗa mata ba.