Furosesa ko katin hoto: wanne ya fi sauri wajen haƙar kirifto?

A ɗauki kwamfutar tebur guda ɗaya, a ciki akwai furosesa Ryzen 9 3900X da katin hoto RTX 3070. Idan aka sa ta haƙar kuɗin kirifto mai suna Monero, furosesan zai riƙa fitar da hash wajen 13,000 a kowace daƙiƙa, katin kuwa ba zai kai 2,000 ba. A juya ta zuwa wani kuɗin mai suna Ethereum Classic, sai labari ya sauya: katin yana yin hash miliyan 60 a daƙiƙa, furosesan kuwa ko a lissafin takarda ba zai kai miliyan 7 ba. Akwati ɗaya, wuta ɗaya, amma wanda ya ci a nan shi ya sha kaye a can. Saboda haka duk wanda ya ce maka kati ya fi furosesa sauri, ko furosesa ya fi kati, fara tambayarsa: a kan wane kuɗi?

Hash shi ne gwaji ɗaya. Mai haƙa yana ta cankar lamba yana saka ta cikin wani lissafi, yana fatan amsar ta faɗo ƙasa da iyakar da aka gindaya, domin wanda ya dace shi ke samun ladan sabon kuɗi. Yawan gwajin da na'ura ke yi a daƙiƙa shi ne saurinta. Sai dai kowane kuɗi da irin lissafinsa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Hash ɗaya na Monero aiki ne mai tsawo, na Bitcoin kuwa ɗan ƙanƙani ne. Don haka ba a jera 13,000 na Monero kusa da miliyan 60 na Ethereum Classic a ce wannan ya fi wancan, kamar yadda ba a gwada buhu da mudu da ƙirga kawai. A nan ya kamata a ware abin da aka yi ta yi a waya a 2024, irin su Notcoin da Hamster Kombat, wanda aka saba kira mainin. Taɓa fuskar waya ba ya fitar da hash ko ɗaya, rabon maki ne, kuma bai shiga wannan magana ba.

Lissafin Bitcoin, SHA-256, shi ya fara nuna ƙarfin katin hoto. Da aka fara a Janairun 2009, furosesa ne kawai ke haƙa. A 2010 mutane suka gano cewa aikin iri ɗaya ne ake maimaitawa ba iyaka, ba ya buƙatar ma'ajiya mai yawa, ba ya buƙatar yanke shawara a tsakiya. Irin wannan aiki na 'yan gayya ne. Furosesa kamar gwanaye ne kaɗan, huɗu ko takwas ko goma sha shida, kowanne ya iya sana'a iri-iri. Katin hoto kuwa ma'aikata ne dubbai da ke noma kunya a jere, umarni ɗaya suke bi a lokaci ɗaya. Radeon HD 5870 tana da irin waɗannan ƙananan ma'aikata 1,600, kuma tana yin hash wajen miliyan 400 a daƙiƙa, a lokacin da furosesa mai kyau da ƙyar yake kai miliyan 20. Daga 2013 aka fara sayar da injinan ASIC, waɗanda ba su iya komai ba sai wannan lissafi ɗaya. Antminer S19 Pro tana yin hash tiriliyan 110 a daƙiƙa da wat 3,250, wato aikin HD 5870 guda 275,000. A kan Bitcoin dai an rufe maganar furosesa da kati tuntuni.

Ethash, lissafin da Ethereum ta yi amfani da shi har zuwa 15 ga Satumba 2022, wanda kuma Ethereum Classic ke amfani da irinsa, shi ne ya fi daɗin bayani, domin mutum na iya lissafa saurin kati tun kafin ya saye shi. Akwai wani babban fayil da ake kira DAG wanda dole ya zauna cikin ma'ajiyar katin. Kowane hash yana ɗebo bayanai daga wannan fayil sau 64, kowace ɗiba bait 128, jimilla bait 8,192. Ke nan yawan masu ɗiban ruwa ba shi ne abin dubawa ba, faɗin bakin rijiyar ne. Ka nemi yawan bayanan da ma'ajiyar kati ke iya fitarwa a daƙiƙa, ka raba da 8,192. RX 580 tana fitar da gigabait 256, wanda ya ba da miliyan 31, kuma abin da take yi a zahiri wajen miliyan 30 ne bayan an gyara mata saiti. RTX 3070 tana da 448, wato kusan miliyan 55, in an ƙara wa ma'ajiyarta gudu ta haura 60. RTX 3080 tana da 760, kusan miliyan 93. Yanzu ka duba furosesa: RAM, wato ma'ajiyar da yake ɗebowa daga ciki, irin DDR4-3200 a hanya biyu gigabait 51.2 take fitarwa, wanda iyakarsa miliyan 6 da ɗan wani abu, kuma a aikace ba a kusantar wannan iyaka. Komai tsadar furosesan, ƙofar da yake ɗebowa ta yi masa ƙunci.

Wannan ne ya sa a irin wannan lissafi ake rage gudun ƙwaƙwalwar katin, wato ɓangaren da ke yin lissafin, a ƙara na ma'ajiyarsa, a kuma rage wutar da yake ja ta manhaja irin MSI Afterburner. RTX 3070 da aka ƙera ta ja wat 220 tana yin miliyan 60 ɗinta da wat 120 zuwa 130. Wanda ya bar ta a saitin kamfani yana biyan kuɗin wat 90 da ba su ƙara masa hash ko ɗaya ba, zafi kawai suke zama. A wannan ma'auni ma 3070 ta fi 3080 riba, ko da yake 3080 ta fi ta sauri, domin 3080 na buƙatar wat 220 zuwa 230 kafin ta yi miliyan casa'in da wani abu. Girman ma'ajiya kuma sharaɗi ne: DAG yana ƙaruwa da megabait 8 bayan kowane tubali 30,000 (tubali shi ne sabon shafin ciniki da masu haƙa ke ƙarawa a littafin kuɗin), kuma a ƙarshen 2020 na Ethereum ya haura gigabait 4, katunan gigabait 4 suka fita daga aiki.

Monero ta bi wata hanya da gangan. A ranar 30 ga Nuwamba 2019 ta koma RandomX, lissafin da aka tsara domin furosesa na gama-gari. Kowane hash yana ƙirƙiro ƙananan manhajoji 8 da ba a san su ba sai lokacin, kowace tana da umarni 256 da ake zagayawa sau 2,048, da haɗin lissafin cikakkun lambobi, da na masu ɗigo, da tsalle daga wannan layi zuwa wancan. 'Yan gayya ba sa iya wannan. A katin Nvidia ma'aikata 32 ne ke tafiya a kan umarni ɗaya, to idan kowanne aikinsa daban, sai su riƙa jiran juna. Shi ya sa Vega 64 ke tsayawa a wajen 1,200, GTX 1660 Ti kuma ƙasa da 700, alhali Ryzen 5 3600 mai rahusa yana yin wajen 7,000.

A RandomX ma ba lambar gigahaz ce ke yanke hukunci ba, kuma a nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Kowane layin aiki na furosesa yana buƙatar megabait 2 na ƙaramar ma'ajiyar cikinsa mai suna L3. Raba girman L3 da 2, ka samu yawan layukan da za su yi aiki da kyau. Ryzen 9 3900X yana da layi 24 da L3 megabait 64, duka suna da wurin zama. Core i9-9900K yana da layi 16 amma L3 ɗinsa megabait 16 ne, saboda haka 8 ne kawai ke da amfani, saurinsa kuma bai kai 6,000 ba. Ryzen 5 5600G sunansa ya yi kama da 5600X, amma L3 ɗinsa rabin na wancan ne, 16 a maimakon 32. Irin laftof ɗin nan na hannu mai Core i5-7200U kuwa megabait 3 gare shi, layi ɗaya ke nan, hash 'yan ɗaruruwa. Idan ka tilasta wa manhaja ta buɗe layuka fiye da abin da L3 zai ɗauka, saurin raguwa zai yi. A ganina laftof bai dace da wannan aiki ba sam, domin fankarsa da batirinsa ba a yi su don zafin sa'o'i 24 ba.

Bayan L3 sai RAM. RandomX na ajiye bayanai megabait 2,080 a cikinta, don haka gigabait 4 ne mafi ƙaranci, kuma sanda biyu ake so, ba ɗaya ba. Hanya ɗaya ta DDR4 tana ɗaukar hash 4,000 zuwa 6,000 ne kawai, ta DDR3 kuma 1,500 zuwa 2,000. Mai 3900X da ya sa sanda ɗaya ta gigabait 16 ya yanke saurinsa kusan rabi. Da ya sa biyu masu gigabait 8 a ramukan da littafin madabod ya nuna, da bai yi wannan asara ba. A shiga BIOS kuma, wato shafin saitin madabod, a kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, in ba haka ba RAM mai 3200 za ta zauna a 2133 ko 2400.

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce XMRig. A sauke ta daga shafinta na GitHub kawai, domin akwai kwafe masu ɗauke da ɓarayin manhajoji, kuma Windows Defender kan ƙi ta ko da ta asali ce, saboda masu kutse na dasa ta a kwamfutocin mutane ba da saninsu ba. Kunna ta a kwamfutar ofis ko ta makaranta ba tare da izini ba shi ma satar wuta ne. Da zarar ta tashi, ka karanta layukan farko. Inda aka rubuta huge pages, wato tsarin ba manhaja RAM a manyan yankuna, dole ka ga 100%. A Windows sai an buɗe ta da ikon mai kula da kwamfuta sau ɗaya, an kashe kwamfutar an kunna; a Linux umarnin shi ne sysctl -w vm.nr_hugepages=1280. Rashin wannan kaɗai na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na saurin. Layin MSR, wato gyaran saitin da XMRig ke yi wa furosesa, shi ma ya nuna ya yi nasara, in ya gaza an rasa wani kaso, wanda kan kai 15 cikin ɗari. Don gwaji mai tsafta akwai xmrig --bench=1M, wanda ke yin hash miliyan ɗaya ya faɗi lokacin da ya ɗauka. A rufe burauza da sauran manhajoji kafin a gwada.

Lambar da manhaja ke nunawa ba ita ake biya ba. Ƙungiyar haƙa da ka shiga, wato taron masu haƙa da ke haɗa ƙarfi su raba lada, tana biya ne a kan sakamakon da ta karɓa, saboda haka ka bar na'urar ta yi sa'o'i 24, sannan ka gwada matsakaicin da shafin ƙungiyar ya nuna da na fuskar kwamfutarka. Idan waɗanda aka ƙi karɓa sun wuce 1 ko 2 cikin ɗari, ko dai an matsa wa ma'ajiyar kati gudu har tana kuskure, ko intanet na jinkiri. Wutar ma a soket ake auna ta, da ƙaramar mita da ake sawa tsakanin bango da fulogi. RX 580, alal misali, wutar ƙwaƙwalwarta kawai take nunawa a manhaja, ban da ta ma'ajiya da fankoki da abin da ke salwanta a akwatin wutar kwamfuta.

Daga nan sai lissafin kuɗi, wanda shi ne ainihin gwajin. Monero na fitar da XMR 0.6 (XMR shi ne gajeren sunan kuɗin) a kowane tubali, tubali ɗaya duk minti 2, wato XMR 432 a rana. Mu ƙaddara jimillar saurin masu haƙa na duniya hash biliyan 4 ne a daƙiƙa. Lambar tana sauyawa, sai a duba ta ranar. Rabon mai 13,000 shi ne XMR 0.0014 a rana, 0.042 a wata. Mu ƙaddara kuma mita ta nuna wat 180. A sa'o'i 24 yunit 4.32 ke nan. A farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, naira 972 ne a rana, 29,160 a wata. Ke nan sai XMR ɗaya ya kai wajen naira 692,000 kafin a fitar da kuɗin wuta kaɗai, ba a taɓa kuɗin sayen na'ura ba. Da janareta babu ma abin lissafawa, domin litar fetur ɗaya da wuya ta ba da yunit 2 a ƙaramin inji. Inda na ga abin yana da ma'ana shi ne gidan da ke da sola, batura sun cika tun hantsi, wutar rana tana tafiya a banza. Haka ake lissafa wa kati a kan Ravencoin ko Ergo ko Ethereum Classic, sai dai tun da Ethereum ta daina haƙa katuna masu yawa suka kwararo kan waɗannan ƙananan kuɗaɗe, rabon kowa ya ragu ƙwarai. KawPow na Ravencoin kuma yana sa ƙwaƙwalwar katin aiki sosai, RTX 3070 tana yin kusan rabin lambarta ta Ethash da wuta mai yawa fiye da can.

Zafi na rage sauri ba tare da ya sanar ba. Ma'ajiyar GDDR6X da ke cikin RTX 3080 da 3090 tana rage gudu da kanta idan ta kai digiri 110, alhali ƙwaƙwalwar katin na nuna 60 kamar lafiya lau. Manhajar HWiNFO na nuna zafin ma'ajiyar daban, maganinsa kuma sauya 'yan faifan robar da ke kai zafi daga ma'ajiya zuwa ƙarfen sanyaya. Alƙaluman da ake gani a intanet yawanci a ɗaki mai sanyi aka auna su. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, da iska ta haura digiri 40, kada a sa ran ganin irinsu sai an rage wuta an ƙara fanka. Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙoran ƙarfen sanyaya cikin 'yan makonni, sai a riƙa hure ta bayan an kashe na'ura, ana riƙe fankar da yatsa don kada ta juya. Mai haɗa katuna da yawa kada ya ba raiza, wato ƙaramin allon da ke haɗa kati da madabod, wuta ta wayar SATA: wat 54 take ɗauka, katin kuwa na iya jan 75 ta wannan hanya, kuma daga nan ne robar fulogin ke narkewa. Waya mai fil 6 ake sa mata, akwatin wutar kuma kada a ɗora masa fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikinsa.