Indomin da babu shi a salansa ya mayar min da bincike aikin baban giwa

Duk ɗalibin injiniya da ke shirin yin bincike kan hayaƙin mota a ƙasar nan, don Allah kafin ka kunna kwamfuta ka fara zuba lambobi a COPERT, manhajar lissafin hayaƙin mota ta Turai, ko wata irinta, ka fara zuwa gareji ka shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashin motoci ka leƙa salansa ka ga ko akwai indomi, wato abin nan da ke tace hayaƙi a cikinta. Ni babu wanda ya gaya min haka, kuma abin ya cinye min kuɗin bincike guda cur, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Aikin da muka ɗauko shi ne lissafa yawan hayaƙin da ababen hawa ke zubarwa a manyan titunan Kano. Ƙirgar motoci ba ta ba mu wahala ba, ɗalibai sun tsaya a Dangi da Kabuga da Ƙofar Nasarawa da Bata sun yi ta ƙirga, adaidaita sahu ne ma suka fi gajiyar da su don tunda aka hana acaɓa a 2013 suka cika gari. Muka kasa motocin gida-gida bisa shekarar ƙira, wannan Corolla ta 2005 ce to a sa ta a layin Euro 4, wato ɗaya daga cikin matakan tsaftar hayaƙi na Turai, waccan Golf ce tsohuwa a mayar da ita baya, manhaja ta ba mu sakamako tsaf, jadawali gwanin kyau, na je taro na gabatar aka tafa min.

Sai daga baya muka samu aron na'urar gwajin hayaƙi, irin wadda ake zura wa bakin salansa ta nuna maka CO da HC, wato iska mai guba da ragowar man da bai ƙone ba, ni dai niyyata kawai in tabbatar da abin da muka riga muka rubuta. Motar farko, Camry mai kyau fes da ita, lamba ta haura sama kamar ta tsohuwar Fijo 504. Ta biyu haka. Na ce na'urar ce ta lalace. Muka tsaya cak, aka shiga neman iskar da ake daidaita na'urar da ita, wadda sai an yi odarta daga waje, kuɗi suka tafi, watanni suka tafi, aka daidaita, muka koma, lambobin nan ko gezau.

Wani dattijon bakanike ne da muke aiki a gefen garejinsa ya gaji da kallonmu ya taso yana goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, wai me kuke nema ne tun ɗazu? Ai wannan ba ta da indomi." Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa tulun da ke tsakiyar salansar, ƙara ta fito fayau irin ta gwangwanin da babu komai a ciki. Ya haska min fitilar waya ya nuna min layin walda a bayan tulun, ta sama inda mai mota ba zai taɓa gani ba, an yanka an kwashe an mayar an liƙe. Na ce Oga kamar motoci nawa ne haka? Ya yi dariya ya ce in dai tambayi nawa ne ba haka ba.

Wanda ya san aikin ya san me hakan ke nufi. Wannan abu mai ramuka kamar saƙar zuma shi ne yake kawar da sama da kashi 90 cikin ɗari na CO da HC da NOx (wata iskar mai cutarwa) idan ya ɗau zafi kuma yana da lafiya, duk wani Euro 3 da Euro 4 na motar fetur a kansa ya dogara. Ka cire shi, motar 2008 ta koma ta shekarun 1980 ta fuskar hayaƙi, amma a takardarta da a manhajata tana nan a matsayin tsaftatacciya. Wato duk jadawalin da aka tafa min a kansa lissafin wasu motoci ne da ke yawo a Jamus ko Holan, ba a titin Zariya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kowa ya sani sai mu masu digiri. Yaran gareji sun sani, masu walda sun sani, 'yan gwangwan da ke saye sun fi kowa sani don har farashi suke yankewa bisa irin motar, saboda akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, a ciki, kuma a 2021 oza guda ta rodiyam sai da ta haura dala 25,000. Wasu motocin tun kafin su hau jirgin ruwa aka yashe su, hukumar binciken sufuri ta Holan ta duba motocin gwanjo da ake turowa Afirka a rahotonta na 2020 ta tarar da wasu an cire musu. Wasu a Kwatano, wasu a wajen dillali, sauran kuma a garejin unguwa, a ce maka ranka ya daɗe shi ne yake shaƙe motar, a cire za ta fi gudu ta rage shan mai, ka ce to, har ka biya kuɗin aiki, su kuma su sayar. Fitilar gargaɗi in ta kama a dashbod a cire ƙwan ko a manna mata baƙin salatif.

Da na dawo gida ranar sai da na sa aka ɗaga tawa motar. Babu. Motar da nake hawa in je aji in koyar da yadda ake rage hayaƙi. Ban san a wane garejin aka yi min ba kuma ban zargi kowa ba, amma na daɗe tsaye ina kallon layin waldar nan.

Sai dai in za a yi adalci, bakanike ba ƙarya zalla yake yi ba in ya ce yana toshewa. Manmu ne matsalar. Shekara da shekaru dokar Najeriya ta yarda da sinadarin salfa har 1,000 ppm (kashi cikin miliyan) a fetur da 3,000 a dizal, alhali Turai tun 2009 suke kan 10. Sai da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta a 2016 kan ƙazamin man da 'yan kasuwa ke haɗawa musamman don Afirka ta Yamma sannan maganar ragewa ta kankama, ECOWAS kuma ta amince da 50 ppm da Euro 4 a 2020. Salfa tana rage wa indomi ƙarfi, injin da ke shan baƙin mai ya ƙarasa shi, ga man 'yan bumburutu da ba ka san me aka gauraya ba. To ka ga ko doka ta ce sai mota mai Euro 4 za ta shigo, in dai babu mai duba salansa bayan ta shigo, an yi ba a yi ba ke nan.

Abokan aikinmu na waje da na rubuta musu sai suka ce ai irin labarin Volkswagen ne, inda masu bincike na jami'ar West Virginia suka ɗaura na'ura a bayan mota suka hau titi a maimakon ɗakin gwaji, suka tarar NOx na wata motar ya kai ninki 35 na abin da doka ta yarda, asiri ya tonu a 2015. Na ce musu e da kama, amma su da manhaja aka yi musu maguɗi, mu da zarto da walda, kuma babu kamfani guda da za ka kai kotu.

Lissafin farko dai na ajiye shi gefe, ban buga shi ba, alhamdulillahi da ban yi gaggawa ba don da yanzu wani yana can yana kafa hujja da shi. Yanzu duk ɗalibin da ya zo wajena ba na sa hannu a kan tsarin aikinsa sai na ga shafin da ke cewa akwai indomi ko babu ga kowace mota. Ba sai da tsada ba, ƙwanƙwasawa da duba walda, sai na'urar auna zafi ta hannu, ka bar injin ya yi zafi sosai ka auna gaba da bayan tulun, in yana aiki bayan yakan fi zafi. Ka ware kuɗin shayin yaran gareji a kasafinka, su za su ba ka bayanin da babu shi a kowace mujalla. Kuma kar ka tambayi mai mota, zai rantse maka da Allah nasa yana nan, da gaskiyarsa kuwa, don shi ma bai taɓa leƙawa ba.