Kwamfiresata da ke shaƙewa tsakiyar fenti

Na daɗe ban rubuta komi ba nan, aiki ne yay yi min yawa. Wanga karon maganar kwamfiresa, injin matse iska, nika son yi, don ta ba ni wahala ƙwarai.

Ina da ɗan shago a zauren gidanmu nan Mabera cikin Sakkwato, ina haɗa kujeru da ƙofofin ƙarfe in dawo in fesa musu fenti. Kwamfiresar tawa ƙarama ce, tanki lita 50, motar lantarkinta mai ƙarfin doki 2, tana cika ta tsaya a ba 8 ("ba" shi ne ma'aunin matsin iska). Hura taya ko kakkaɓe ƙura ba ta da matsala, amma da na ɗauki bindigar fenti ko minti guda ba a yi sai allurar geji ta faɗo, fenti ya fara tofi kamar yaro na kurkure baki, ƙofa ta fito da ƙuraje.

Ni dai na ɗauka tanki ne yay yi kaɗan, har na fara cigiyar tsohuwar tukunyar gas in kai a yi min walda. Wani dattijo bakanike a Buzaye da niy yi ma zancen sai ya ce "ɗana, in bohol ɗinka ba ta kawo ruwa, ƙarin tanki sama zai ƙaro maka ruwan?" Na ce a'a Baba. Ya ce to haka iska take, kuma ka rabu da tukunyar gas wagga, ba a kai mata wuta.

Da na koma gida na zauna na yi lissafi. Daga ba 8 zuwa ba 6 a tanki lita 50, iskar da kake da ita ta aiki kusan lita 100 ce kawai. Bindiga irin tawa na shan wajen lita 250 a minti, ita ko kwamfiresar abin da anka rubuta a jikinta iskar da take zuƙa ce, wadda take fitarwa ba ta kai haka ba, tawa da wuya ta wuce 120. To ka ga giɓin. Ko na ƙara tanki na biyu irinsa, minti ɗaya da rabi zan samu gaba ɗaya, sannan in zauna jiran cika ninki biyu mota na ta ɗaukar zafi, ga ranar Sakkwato da ke haura digiri 40 a Afrilu.

Sai na bi ƙananan abubuwa. Na dama omo na shafa kumfar a duk mahaɗa, wuri uku sunka yi ƙwai, na kwance na naɗa farin tef ɗin masu famfo. Tiyon da nika aiki da shi siriri ne mai milimita 6 ga tsawo kamar igiyar guga, na canza mai 10 na rage tsawon, wallahi nan na fi ganin bambanci. Filta kuwa ƙurar hunturu ta toshe ta kamar anka yaɓa laka. Na kwance ɗan bawul na ƙasan tanki, ruwan tsatsa ya fi kofin shayi, tun damina yana ciki ban sani ba.

Tankin na biyu na ƙara daga baya, amma na kwamfiresa ne na gaske da motarsa ta ƙone, da bawul ɗin tsaro nasa. Yanzu ina gama fuskar ƙofa guda kafin in tsaya, in juya ta kafin nan ta cika. Kwamfiresa mai fistin biyu da bel nika tara ma kuɗi, sai dai janaretana ba zai tada ta ba, shi ma sai an canza.