Kafin ka ɗora wa sabis laifi, duba cikin ɗaki

Yawancin masu kawo mini laftof a nan Samaru da kukan Wi-Fi na yawan yankewa sun riga sun yanke hukunci tun daga gida: sabis ne babu. Wani lokacin gaskiyarsu ce. Amma abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai sayi sabon layi, ya zuba data, alhali matsalar tana ɗakinsa.

Gwajin da nake fara bayarwa ba ya cin ko sisi. Ajiye wayarka kusa da laftof, duka biyun a kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Da zarar ya yanke, dubi wayar. In tana nan daram, to kwamfutar ce. Windows kan kashe katin Wi-Fi don tattalin batir, wani sa'in kuma katin ya ƙi farkawa. Shiga Device Manager, buɗe Network adapters, danna katin sau biyu, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. In bai daina ba, sabunta direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin.

In kuwa tare suka faɗi, koma kan rautar. Zafin Maris da Afrilu na Zariya ba ya raga wa MiFi, ƙaramar rautar nan mai batir. Wata hajiya a Tudun Wada ta miƙo mini tata, tana jone da caji dare da rana a kan katifa, batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗago. Na ce, "Hajiya, wannan ba yankewa kaɗai ba, tana iya kamawa da wuta." Aka canza batir, aka mayar da ita kan tebur inda iska ke ratsawa, shi ke nan. Haka ma ɗauke wuta: duk sanda aka juya zuwa janareta, rautar da ba ta da batir sai ta mutu ta sake tashi, ta ci minti ɗaya ko biyu. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, na maganin wannan.

Sai bango. Wi-Fi na tafiya ne a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. A cikin Birnin Zariya, katangar ƙasa mai kauri tana shanye siginal, musamman na 5 GHz, wanda ya fi gudu amma ba ya jure shinge. Daga zaure zuwa ɗakunan ciki, 2.4 GHz ya fi kaiwa. A gidajen hayar ɗaliban ABU kuwa akasin haka ne: kowane ɗaki da nasa hotspot, duk sun cunkushe a 2.4 kamar kasuwar Sabon Gari da jajibirin Sallah. A nan 5 GHz ya fi, in rautar tana da shi. In babu, buɗe saitinta ta adireshin da aka buga a jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka nemi wurin Channel, ka gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, don su ukun ne ba sa hawa kan juna.

In Wi-Fi na nuna a haɗe amma shafi ya ƙi buɗewa a kowace na'ura, kuma da sauran data, a nan ne za ka kira kamfanin layinka.