Ruwan gora a ƙarƙashin kabad

Yau da safe ina wanke-wanke, autata ta buɗe kabad ta ga katan-katan na ruwan gora a jibge, ta ce, "Umma, me ya sa muke tara wannan bayan ga famfo?" Na tsaya riƙe da kofi, bakina ya yi nauyi. Ba a haife ta ba a watan Agustan 2014, lokacin da aka ce mu mazauna birnin Toledo na Amurka kada mu sha ruwan famfo, kada ma mu tafasa shi, domin tafasawar ƙara wa gubar da ta shiga ruwan ƙarfi take yi. Kusan kwana uku, mutum wajen 400,000 muna neman na sha, ga Tafkin Erie, inda ruwan famfonmu ke fitowa, shimfiɗe a gabanmu, ya yi kore shar da gansakuka mai fitar da gubar, wadda takin gonaki ke ciyarwa.

Tambayarta ta tuna min ranar da na sa hannu a takardar neman a ba tafkin kariya ta doka. Da ƙyar maganar ta kai akwatin zaɓe, amma a Fabrairun 2019 kashi 61 cikin 100 muka ce mun yarda. Bayan shekara ɗaya alƙalin tarayya ya soke ta. Wallahi ban yi nadamar sa hannun nan ba, ko yau aka kawo takardar zan sake. Na tsiyaya wa yarinyar ruwa daga famfon ta sha, sai dai har yanzu zuciyata ba ta yarda in kwashe katan-katan ɗin ba.